Amsoshin Wasiƙunku: Yaya Ƙwai Ke Sanin Inda Kai Zai Fito Da Inda Ƙafa Za Ta Fito?

A wannan fili ne muke buga amsoshin da muka bayar ta gidan rediyo, domin wanda bai samu sauraro ba ya karanta, wanda ya saurara kuma ya adana.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Kongo, Tudun Wadan Zariya, daga wani mai sauraronmu da ke kiwon kaji yana kuma sayar da ƙwai. Ya roƙa a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce a ƙarshen bazarar da ta wuce kazarsa ta yi kwanci a kan ƙwai goma sha biyu. Bakwai suka ƙyanƙyashe lafiya lau, huɗu suka yi baragurbi, ɗaya kuma ya fito da ƙafa huɗu, bai ko kwana ba ya mutu. Tun daga ranar mutanen gidansa suka ɗora wa wata dattijuwa maƙwabciyarsu zargi, wai ita ce ta leƙa akurkin, har ta kai yau gidajen biyu ba sa ko gaisawa. Shi ne yake tambaya: shin yaya aka yi ƙwai, wanda in ka fasa ba ka ganin komai sai ruwa da gwaiduwa, yake sanin inda kai zai fito da inda ƙafa za ta fito? Kuma me ke sa a samu kuskure irin wannan?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ka sani ba kai ne farkon wanda ta dama ba, don kuwa an fi shekara dubu biyu ana fama da ita. Allah shi ne mai halitta, kuma ko ɗalibin makarantar allo ya san Alƙur'ani ya ambaci halittar ɗan Adam mataki-mataki a cikin mahaifa, a Suratul Hajji da Suratul Muminun. Wannan fagen malamai ne. Mu a nan za mu bi tarihin waɗanda suka sa ido da madubi suka binciki sababan da abin ke bi. Sai ka gyara zama.

Da farko, in ka fasa ɗanyen ƙwai a faranti, ka duba saman gwaiduwar da kyau, za ka ga wani ɗan farin tabo da bai kai ƙwayar gero biyu ba. To, daga wannan tabo ne ɗan tsako ke fitowa. Gwaiduwa da farin ƙwai guzurinsa ne kawai. A ƙwan da zakara ya taka uwarsa, tabon nan tarin wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne masu rai, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. Daga guda ɗaya tak suke farawa, ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, kafin kaza ta saka ƙwan sun kai dubun dubata. A cikin kwana 21 na kwanci, wasunsu za su zama ido, wasu ƙashi, wasu jini, wasu gashi. Tambayarka ke nan: tun da asalinsu ɗaya, yaushe kowace ke kama sana'arta, kuma ta yaya?

Mutum na farko da tarihi ya adana bincikensa sosai shi ne Aristotal, masanin ƙasar Girka, wanda ya rayu daga shekara ta 384 zuwa ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Abin da ya yi, kai ma za ka iya: ya riƙa fasa ƙwan da kaza ke kwanci a kai, yau ɗaya, gobe ɗaya. Wajen kwana na uku sai ya ga wani jan ɗigo yana bugawa, watau zuciya. Ya yanke hukuncin cewa gaɓoɓi ba tare suke bayyana ba, ɗaya bayan ɗaya suke ginuwa. An fassara littattafansa na dabbobi zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, manyan masana irin su Ibn Sina suka yi nazarinsu, sannan a birnin Kurɗuba na Andalus wani likita mai suna Arib ɗan Sa'ad ya rubuta littafi sukutum a kan halittar ɗan tayi da kula da masu ciki, tun a ƙarni na 10. Cikin 1651 kuma William Harvey, likitan Sarkin Ingila, bayan ya binciki ƙwan kaji da cikin barewar da ake farauta a dajin sarki, ya ce duk wata dabba daga ƙwai take farawa.

Sai dai fa da madubin ƙara girman abu ya shigo, maimakon ya raba gardama, sai ya ƙara mata wuta. Wajen 1672 wani Ba'italiye, Marcello Malpighi, ya duba ƙwan da kaza ba ta kwanta a kai ba, ya ga alamun ɗan tsako a ciki. Nan take wasu suka ce ashe tun farko ɗan tsako a shirye yake da kansa da ƙafarsa, ƙanƙanta ce kawai ta ɓoye shi, kwanci kumbura shi kurum yake yi. Cikin 1677 aka gano 'yan halittu masu wutsiya a cikin maniyyi, har wani mutumin Holan mai suna Hartsoeker ya zana hoton ɗan mutum a ƙudundune cikin kan ɗayansu a 1694, ba don ya gani ba, don haka yake zato. Abin da Malpighi bai lura da shi ba shi ne, ƙwan nasa ya sha zafin watan Agusta na Italiya, zafin ya riga ya tayar da aikin tun kafin kaza ta hau. Malam, riƙe wannan magana, za mu komo kanta, domin zafin Zariya a watan Afrilu ya fi na Italiya nesa ba kusa ba.

Wanda ya karya wannan ra'ayi wani matashin Bajamushe ne, Caspar Friedrich Wolff, daga 1759. Ya nuna cewa hanjin ɗan tsako ba a matsayin hanji yake farawa ba. Shimfiɗa ce kamar tabarma, sai ta naɗe ta zama bututu. Cikin 1817 Christian Pander ya fasa ƙwai masu ɗimbin yawa, ya gano cewa tabon nan yakan kasu shimfiɗa uku, wata kan wata. Ta sama ita ke ba da fata da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ji. Ta tsakiya ita ke ba da nama da ƙashi da jini da zuciya da ƙoda. Ta ƙasa kuwa ita ke ba da cikin hanji da hanta da huhu. Abokinsa Karl von Baer ya nuna cewa haka abin yake ga sauran dabbobi masu ƙashin baya, kuma shi ne cikin 1827 ya fara ganin ƙwan dabba mai shayarwa, a jikin karya. Ka ga ke nan tunkiya da saniya da mutum ma duk da ƙwai suke farawa, sai dai nasu bai kai ɗigon alƙalami ba.

Daga nan sai masana suka gaji da kallo kawai, suka fara taɓawa. Cikin 1888 Wilhelm Roux ya ɗauki ƙwan kwaɗo a lokacin da ya rabu biyu, ya soke ƙwaya ɗaya da allura mai zafi, ya kashe ta. Wadda ta rage sai ta ba da rabin ɗan tayi. Roux ya ce magana ta ƙare: tun rabuwar farko an yi rabon gado, ta dama ta ɗauki dama, ta hagu ta ɗauki hagu. Shekara uku bayan haka, cikin 1891, wani Bajamushen, Hans Driesch, ya so ya tabbatar da maganar a gaɓar Bahar Rum, da ƙwan wata halittar teku mai ƙayoyi kamar bushiya. Shi bai kashe komai ba. Ya zuba ƙwan a kwalba ya girgiza har ƙwayoyin biyu suka rabu da juna. Ya kwana yana jiran rabi da rabi, gari ya waye ya tarar kowace ta zama cikakkiyar halitta, sai dai 'yar ƙarama. To wa ke da gaskiya? Sai a 1910 wani Ba'amurke, McClendon, ya sake gwajin kwaɗon, amma ya zuƙe ɗaya ƙwayar gaba ɗaya, ta rage ta ba da cikakken talibambam. Ashe gawar da Roux ya bari manne ce ta yaudari mai ran, ta zaci 'yar'uwarta na nan tana yin nata rabin aikin. Darasi na farko ke nan: ƙwayar halitta tana lura da maƙwabtanta.

Yanzu mun zo kan mutumin da aikinsa ya fi kusa da ɗan tsakonka, watau Hans Spemann. Shi da ƙwan wata dabbar ruwa ya yi aiki, mai siffar ƙadangare amma dangin kwaɗo. A farkon shekarun 1900 ya tsinko silin gashi daga kan jaririn gidansa, don ya fi laushi, ya ɗaure ƙwan a tsakiya kamar yadda ake ɗaure bakin buhu. In ya ja ɗaurin sosai har ƙwan ya rabu, sai ya sami tagwaye cikakku. In kuwa ya ja kaɗan ya bari, sai ya sami halitta mai kai biyu da wutsiya ɗaya. Jama'a, a lura fa: babu wanda ya yi wa ƙwan nan baki, babu wanda ya tofa masa komai. Silin gashi ne kawai.

Cikin 1918 Spemann ya amsa tambayar “yaushe”. Ya yanko ɗan yanki daga wurin da zai zama fatar ciki, ya dasa a wurin da zai zama ƙwaƙwalwa. In ɗan tayin yana da sauran ƙuruciya, yankin yakan bi sabon wurinsa ya zama ƙwaƙwalwa. In kuwa an jinkirta kwana ɗaya ko biyu, to ko ina ka kai shi, abin da ya riga ya ɗauka shi zai zama. Kamar yumɓu ne a hannun mai ginin tukwane. Yana ɗanye, in ta fara tulu ta fasa, tana iya mayar da shi kasko. In ya sha iska, da ƙyar. In ya shiga wuta, shi ke nan. Ko kuwa mu ɗauki misalin da mutumin Kongo zai fi ganewa. Yara a firamare duk karatunsu ɗaya. A sakandare a raba su, wannan kimiyya, wancan fasaha, amma har yanzu ana iya sauya aji. In aka zo jami'a, wannan ya tafi Samaru karatun likitan dabbobi, wancan ya zo Kongo karatun shari'a, to bayan shekara biyar ba ka kai wa lauya saniyarka ya duba. Haka ƙwayoyin halitta suke: ba rana ɗaya suke yanke shawara ba, ƙofofi ne ke rufuwa ɗaya bayan ɗaya.

Saura tambayar “wa ke ba da umarni”. Wannan kuwa wata ɗalibar Spemann ce ta gano a Jami'ar Freiburg, sunanta Hilde Mangold. Akwai wani ɗan leɓe a jikin ɗan tayi, inda ƙwayoyin waje ke kwarara zuwa ciki. Ta yanko leɓen daga ɗan tayi mai farin jiki, ta dasa a cikin wani mai duhun jiki. Ta yi dashen sau fiye da 200, 'yan kaɗan ne suka rayu har aka ga sakamako sosai. Abin da aka gani ya girgiza masana: ɗan tayi na biyu ya tsiro a cikin na farko, da ƙashin bayansa da komai, manne da juna. Da aka duba launi, sai aka ga yawancin jikin na biyun ba daga baƙon yankin ya fito ba, daga ƙwayoyin mai masauki ne. Watau baƙon bai gina gidan da kansa ba, sarkin magina ya zama, ya sa mutanen unguwa aiki. An buga binciken cikin 1924, a shekarar nan kuma Hilde ta rasu tana da shekara 25, bayan da risho mai amfani da fetur ya fashe da ita a ɗakin girki. Spemann ya karɓi lambar Nobel cikin 1935. A farkon shekarun 1930 wani Bature ɗan Ingila, Conrad Waddington, ya nuna cewa kaza da agwagwa ma suna da irin wannan sarkin magina. In ya zama ɗaya, a sami tsako ɗaya. In ya zama biyu a tabo ɗaya, a sami biyu manne.

To ita ƙwayar da ta zama fata, ta zubar da ilmin yin ido ke nan? Wani masani, August Weismann, ya ce e, wai kowace takan karɓi nata yankin littafin gado ne kawai. Wanda ya ƙaryata shi John Gurdon ne na Jami'ar Oxford, cikin 1962, kuma da wani kwaɗon ruwa ɗan asalin Afirka ya yi aikin. Ya ciro cibiyar ƙwayar hanjin talibambam, inda rubutun gado yake, ya sa a cikin ƙwan da aka kashe wa tasa cibiyar. Cikin gwaji 726, guda 10 suka zama talibambam masu iyo suna cin abinci. Kaɗan ne, amma sun isa hujja: ƙwayar hanji tana ɗauke da littafin gaba ɗaya. Ranar 5 ga Yuli 1996 aka maimaita wannan ga tunkiya a cibiyar Roslin ta Sikotilan. Daga ƙwayar hantsar wata tunkiya 'yar shekara shida, bayan gwaji 277, aka haifi tunkiyar nan Dolly, wadda ita ma ta haifi 'ya'ya shida kafin ta mutu cikin 2003. Sannan cikin 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya mayar da ƙwayar fatar ɓera ta koma ɗanya shar, mai iya zama kowace gaɓa, ta hanyar kunna ƙwayoyin gado huɗu kacal. Shi da Gurdon suka raba lambar Nobel cikin 2012. Saboda haka kowace ƙwaya da cikakken littafi a hannunta, mai babi wajen 20,000 ga ɗan Adam. Bambancin ido da hanta shi ne wane shafi aka buɗe, wane aka liƙe.

Yaya kuma ƙwaya ke sanin shafin da za ta buɗe? Bincike ya nuna manyan hanyoyi uku.

Ta farko, gado daga uwa. Uwa ba ta zuba kayan cikin ƙwai barkatai, takan ajiye wani abu a wannan gefe, wani a wancan. Cikin 1905 Edwin Conklin na Amurka ya ga wani rawayan abu a gefe guda na ƙwan wata halittar teku, ya bi shi da ido, ya tarar duk ƙwayar da ta gaji rawayan nan naman wutsiya take zama. Wani baƙar fatan Amurka, Ernest Everett Just, wanda ya sha wariyar launin fata a rayuwarsa, ya dage cewa a daina raina ruwan cikin ƙwaya da fatarta, domin a nan ake saƙa da mugun zare ko na kirki, ya kuma wallafa littafi a kan haka cikin 1939.

Ta biyu, maganar maƙwabta, kamar yadda Hilde ta nuna. Wannan ƙwaya ta fitar da wani sinadari, na kusa da ita ta karɓa, ta buɗe wani shafi, ita ma ta aika wa ta gaba.

Ta uku, nisa da kusa. Ka san in ladan ya kira salla, makaho ma yana iya gane ko yana gindin masallaci, ko yana tsakiyar unguwa, ko yana bayan gari, ta ƙarfin muryar da ke iso masa. Lewis Wolpert, haifaffen Afirka ta Kudu, ya bayyana cikin 1969 cewa haka ƙwayoyi ke gane matsayinsu: sinadari na fitowa daga wuri guda, yana raguwa da nisa, mai jin sa da ƙarfi ta zama abu kaza, mai jin sa sama-sama ta zama wani abin. An tabbatar da haka a jikin ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro. Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus suka fara zaƙulo ƙwayoyin gadon da ke tsara jikinsa cikin 1980, suka sami Nobel cikin 1995 tare da Edward Lewis. Cikin 1988 aka auna sinadarin da uwar ƙuda ke ajiyewa a goshin ƙwanta. In babu shi, tsutsar ba ta da kai. In aka ɗura shi ta baya, kai ya fito a baya ma. A kaza kuwa, tun 1968 John Saunders ya yanko ɗan nama daga bayan tohon fiffike ya dasa a gabansa, sai fiffiken ya fito da yatsu ninki biyu, suna kallon juna kamar a madubi. Cikin 1993 aka gano sinadarin da ke yin wannan kira a Jami'ar Harvard, aka laƙaba masa sunan bushiya.

Ga saniya da akuya da tunkiya da mutum, ƙwayoyin farko duk kusan daidai suke. Shawarar farko da suke yankewa ita ce ta ciki da waje: waɗanda suka sami kansu a waje su zama mabiyiya, na ciki su zama ɗan. Ga saniya wannan ya bayyana wajen kwana na 7, ga mutum wajen na 5. Shi ya sa in tarin ƙwayoyin ya tsage biyu da wuri, sai a haifi Hasan da Husaini masu kama ɗaya sak. In tsagewar ta makara, har wajen mako biyu, kuma ba ta kammala ba, sai a haife su manne. Saboda wannan sauƙin kai na farko ne ma cikin 1984 a Kambirij aka cuɗanya ƙwayoyin tayin akuya da na tunkiya, aka haifi dabba guda mai dabbare-dabbaren gashin akuya da ulun tunkiya.

To Malam, mu dawo kan akurkinka. Ɗan tsako mai ƙafa huɗu, galibi ɗayan biyu ne: ko tagwaye ne da rabuwarsu ba ta kammala ba, ɗaya ya girma ɗayan ya tsaya a ƙafafu, ko kuwa tohon ƙafa ne ya sami kira sau biyu. Ɗan akuya mai kai biyu ma labarin ɗaurin Spemann ne da bai kai ƙarshe ba. Kuma duk wannan yana faruwa ne a kwanakin farko-farko, a cikin ɓawon da ba a fasa ba, domin kafin kwana huɗu na kwanci tohon fiffike da na ƙafa sun riga sun fito.

Abin da ke rikitar da kiran kuwa, ga misalai biyu na tarihi. A shekarun 1950 makiyayan jihar Idaho ta Amurka suka riƙa samun 'yan tumaki masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. An shafe fiye da shekara goma ana bincike kafin a gano cewa wata ciyawa ce ta kan tsaunuka, kuma sai in tunkiya ta ci ta wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki take yin wannan ɓarna. Cikin 1998 aka gano dafin ciyawar yana toshe kiran sinadarin nan mai sunan bushiya ne. Na biyu, maganin Thalidomide, wanda aka fara sayarwa a Jamus cikin 1957, mata masu laulayi suka riƙa sha. Kafin a janye shi cikin 1961, an haifi yara fiye da 10,000 da nakasa, da yawa ba hannu ko ƙafa sosai. Ɓarnar tasa tsakanin kwana na 20 da na 36 da shigar ciki take. Ka ga ba ƙarfin guba kaɗai ba ne abin dubawa, har da ranar da ta iso.

Saboda haka ga shawarwari. Ƙwan da za ka sa wa kaza kada ya wuce mako guda a ajiye, kuma a ajiye shi a wuri mai sanyi, kamar gindin randa, ba ƙarƙashin kwanon rufi ba. Ka tuna da ƙwan Malpighi: zafin bazara yana tayar da ginin, ya tsaya, ya sake tayarwa, daga nan baragurbi da nakasa ke yawaita. Kada a jijjiga shi a bayan babur. Mai injin ƙyanƙyasa ya tsare zafi wajen digiri 37 da rabi, ya riƙa juya ƙwan, a kwana na 7 ya haska shi da tocila cikin duhu, wanda ba jijiyoyin jini a cire shi. A riƙa sauya zakara, kada ya yi ta taka 'ya'yansa da jikokinsa. Mai tumaki da shanu ya kiyayi ɗura maganin tsutsar ciki irin Albendazole a watan farko na cikin tunkiya, ko kwana 45 na farko ga saniya, ya tambayi malamin dabbobi tukuna. Ga iyali kuwa, ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri suna rufuwa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da shi ba. Wani babban gwaji da aka kammala cikin 1991 ya nuna ƙwayar folik asid tana rage maimaituwar wannan nakasa da wajen kashi 70 cikin 100. Don haka mai neman haihuwa ta fara sha tun kafin ciki, ta je awo da wuri, ta kuma guji maganin 'yan tebur da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Kai kuwa mutumin Zariya ba ka da uzuri, don ga ruwa a ƙofar gidanka. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe cikin 1962, tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinsu a Samaru. A Shika akwai gonar dabbobi tun 1928, wadda ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, cikin 1976. A can ne aka yi shekaru ana zaɓen iri har aka fitar da kazar ƙwai ShikaBrown cikin 2000, mai jure yanayinmu. Asibitin koyarwa na jami'ar ma, wanda dā yake nan Tudun Wada, babban mazauninsa ya koma Shika cikin 2005. In irin wannan ya sake faruwa, kada ka jefar da tsakon a bola cikin dare. Naɗe shi ka kai wa likitocin dabbobi, ka gaya musu kwana nawa ƙwan ya yi a ajiye, ina aka ajiye shi, wane zakara ne uban.

Game da dattijuwar nan kuwa, Malam, ka ji dai yadda silin gashi da zafin rana da ciyawar daji suka yi abin da ake zarginta da shi, a ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba. Shawararmu ita ce ka ɗebi ƙwai goma masu kyau, ka sa uwargida gaba, ku shiga ku gaishe ta, ku nemi gafara. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da wasiƙu, a riƙa rubuta sunan gari sosai. Sai wani makon in Allah ya kai mu. A huta lafiya.